Kwalba Mai Fuska, Babu Adireshi

Ɗauki buhun fulawa da ya fito daga Bompai, ko kwalin shayi na Sharaɗa, ko kwalbar lemo ta Challawa, ka juya bayanta. Za ka tarar da sunan kamfani, da titin da yake, da ranar da aka yi kayan, da ranar da za su lalace, da lambar rukunin da aka sarrafa su tare. Idan wani ya ci ya kwanta, akwai ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa. Ma'aikacin da ke tsaye bakin inji ya fi kowa sanin wannan, don a gabansa ake ɗibar samfuri a kai ɗakin gwaji, kuma ya sha ganin an mayar da lodi guda saboda awo bai cika ba.

Amma wannan ma'aikacin, idan aka tashi daga aiki ya fito bakin get, abin da zai saya ya zuba wa cikinsa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Robar ruwa ce da aka sake cikawa da wani jiƙo mai launin ƙasa, ko ƙullin gari a leda, ko kwalba mai takarda mai sheƙi. A jikin takardar akwai jerin cututtuka goma sha, akwai lambar waya guda biyu ko uku, akwai kuma, sau da yawa, hoton wata fuska da ya sani daga fim. Babu titi, babu unguwa. Fuskar nan ita ce adireshin, ita ce ɗakin gwajin, ita ce shaidar inganci. Ra'ayina shi ne duk wanda ya ba da aron fuskarsa aka sayar da magani, ya karɓi kuɗi a kan haka, ya shiga cikin masu sarrafa maganin, kuma ya kamata hukuma ta riƙe shi kamar yadda take riƙe mai kamfani.

Kafin a ce na tsani maganin gargajiya, bari in kawar da wannan. A Kasuwar Kurmi akwai masu saiwa da sassaƙe da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma mafi yawansu za su gaya maka iyakar abin da suka sani. Wanzami da ungozoma da mai ɗori sun riƙe al'umma tun kafin a kafa asibitin farko a birnin Kano. Maganin zazzaɓin cizon sauro da likitoci suka fi dogaro da shi yau daga wani ganye ne dangin tazargade aka samo shi, kuma binciken da ya fito da shi ne ya ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar NIPRD ta Abuja ta fitar da Niprisan don masu ciwon sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Sai dai duka biyun sun bi ta ɗakin gwaji, an auna, an gwada, an san adadin da ke warkarwa da adadin da ke cutarwa. Mai maganin gado kuma yana zaune cikin unguwarsu, idan ya ba da abin da ya kashe ɗan wani, ba shi da wurin ɓuya. Abin da muke gani yanzu wani abu ne daban: kasuwa ce da ta ari rigar gargajiya, ta ari kalmomin addini, ta ari fuskar 'yan fim, ta bar kunya da alhaki a baya.

Yadda fuskar ta shigo ba abin mamaki ba ne ga wanda ya bi tarihin Kannywood. Da can kuɗin fim a Ƙofar Wambai yake, wajen dillalan kaset da faifai. Masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka karya wannan kasuwa. Furodusoshi suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, inda abin da ake samu daga masu kallon gida bai taka kara ya karya ba. Dole a nemo mai ɗaukar nauyi. Bankuna da kamfanonin waya suna da 'yan tsirarun manyan taurari da suke hulɗa da su. Wanda ke shirye ya biya ƙaramin furodusa kuɗi a hannu, yau-yau, ba takarda ba lauya, shi ne mai maganin basir da sanyi da ƙarin ƙarfi. Shi ya sa kana tsakiyar kallo, an kai inda uwar miji za ta yanke hukunci, sai a datse, jarumin da ka gama tausaya wa ya bayyana riƙe da kwalba yana cewa, 'yan'uwana masoyana, ni da kaina na jarraba. Daga nan abin ya gangara TikTok da Instagram da Facebook, inda ba a ma buƙatar fim, yawan mabiya kawai ake saye. Rikicin da ya ɓarke a bainar jama'a a ƙarshen 2021 tsakanin Jaruma mai kayan mata da jarumar Nollywood Regina Daniels a kan kuɗin talla ya nuna wa kowa cewa wannan yabo da ake yi wa kaya a waya ciniki ne, da farashinsa.

Na fahimci halin da ɗan fim ke ciki, shi ma iyali gare shi. Amma talla iri-iri ce. Idan ka tallata atamfa ta koɗe, an yi asarar kuɗi. Idan ka ce wa mai hawan jini ga abin da zai raba shi da ciwon har abada, ka ba shi dalilin ajiye ƙwayar da likita ya ɗora shi a kai. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum zai ji garau wata da watanni, ya yi ta ba abokan aikinsa labarin ya warke, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Su wa ke saye? A nan ne unguwannin masana'antu suka shigo maganar. Bompai tun zamanin Turawa take, Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa daga baya, lokacin da Kano ke bin bayan Legas a yawan masana'antu. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wuta, da kayan waje masu araha suka rufe masaƙu da dama, irin su Gaskiya Textile da dubban mutane suka ci abinci a cikinta. Abin da ya rage, da wanda ya taso daga baya, kamfanonin roba ne da buhu da takalma da fata da abinci da lemo, kuma kaso mai yawa na masu aiki a cikinsu leburori ne na wucin gadi, waɗanda ake biya da kwana ko da mako. Mutum zai yini a tsaye, ko ya kwana a tsaye, cikin zafin inji da ƙurar roba, ko cikin ruwan sinadaran jima a kamfanonin fata na Challawa. Ciwon baya da ƙaiƙayin fata da tari da kasala ba baƙinsa ba ne. Idan ya ce zai je Asibitin Murtala, ya san yinin ya tafi a layin kati, kuɗin ranar ya tafi, wataƙila ma gobe ya tarar an sa wani a gurbinsa. Mafi ƙarancin albashi a takarda naira 70,000 ne tun 2024, Jihar Kano ta ce 71,000, amma ɗan wucin gadi ya san takarda daban, aljihu daban.

Ga kuma mai mota ya faka a bakin hanya daidai lokacin tashi, lasifika a kan rufi, but a buɗe.

"Maigida, ƙaraso mana. Wannan tafiyar taka ai ta mai basir ce, tun daga nesa na gani."

"Wallahi Malam, bayana ne ke riƙewa, ga kasala."

"Shi ne ai. Dattin ciki ne ya taru, ya haɗu da sanyi. Murfi biyu da safe, biyu da dare. Ba ka ga wane yana tallarsa ba? Duba nan."

Sai ya miƙo waya, bidiyon na nan a ajiye. Cikin minti uku an duba mara lafiya, an gano ciwo, an rubuta magani, an kawo shaida, an karɓi kuɗi. Babu asibitin da zai iya gasa da wannan sauri. Kuma a lura, mai motar ya kira shi maigida, ya saurare shi, abin da ba kullum yake samu ba a wurin da ake da takardar shaidar duba shi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne sau da yawa maganin yana "aiki", kuma nan tarkon yake. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa ana cakuɗa magungunan Bature cikin abin da ake sayarwa da sunan ganye zalla. Idan aka niƙa ƙwayar kashe raɗaɗi irin diclofenac aka zuba a jiƙo, ciwon baya zai lafa a daren, amma shan sa kullum ba awo yana cin tumbi yana raunata ƙoda. Idan dexamethasone ne, mutum zai ji ƙarfi, ya ci abinci kamar ba gobe, kumatu su cicciko, abin da 'yan mata ke nema a cikin "sha ka fashe" ke nan. A ƙarƙashi kuwa suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na yin laushi, garkuwar jiki na raguwa. Idan sinadarin sildenafil ne a cikin maganin maza, zai yi abin da aka ce zai yi, sai dai ga mai ciwon zuciya da ke shan wasu magungunan yana iya faɗar da jini farat ɗaya. Saboda haka jarumin da ya rantse ya jarraba ya ga aiki, mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba. Bai dai san abin da ya sha ba, kuma jikin mutum ɗaya a mako ɗaya ba gwaji ba ne. Sakamakon gwajin na gaskiya yana fitowa ne shekaru daga baya, a sashen wankin ƙoda na Asibitin Malam Aminu Kano, inda babu mai tambayar wace tallar ka kalla.

Za a ce ai akwai lambar NAFDAC a jiki. Wannan ita ce rigar da aka fi fakewa a cikinta, kuma ya kamata kowane mai saye ya san abu ɗaya. Yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta amince da su lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an gwada an ga abin ba guba ba ne a adadin da aka nuna, an ba shi izini na ɗan wa'adi. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da komai. Shi ya sa doka ta wajabta a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ana rubutawa, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, a inda ido ba ya kaiwa. Jarumi kuma ya ɗaga kwalbar ya ce da Hausa, da babbar murya, gwamnati ta tabbatar da shi. Ban taɓa jin tallar da aka karanta wancan gargaɗin a cikinta ba.

Labarin Baba Aisha mai maganin gargajiya ya isa misali. Shekaru ana jin muryarsa daga lasifikar motoci a garuruwan Arewa da Abuja, har muryar ta zama tauraruwa da kanta, yara na kwaikwayonta. A watan Yunin 2023 kafar DUBAWA da jaridar Premium Times suka wallafa binciken da aka kai maganin ɗakin gwaji, aka ba dabbobi, aka ga illa a ƙoda da hanta da huhu. Bayan nan ne NAFDAC ta kai samame a Jihar Kaduna ta kama mai shi, ta kuma bayyana cewa rajistar da aka taɓa ba shi ta maganin basir ce kawai, wa'adinta ma ya daɗe da ƙarewa. 'Yan jarida ne suka biya kuɗin gwajin da ya kamata a ce hukuma ta yi tun tuni. Kano ma ta ɗanɗana kuɗar sinadarin da ba a san asalinsa ba a 2021, lokacin da aka sayar da wani abu da sunan ɗan tsami aka haɗa lemo da shi, ɗaruruwa suka kwanta a asibiti suna fitsarin jini, gwamnatin jiha ta ce mutum 10 sun rasu.

Doka kuwa ba yau aka yi ta ba. Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta hana a tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin wasu cututtuka da ta jera, cikinsu har da ciwon daji da ciwon suga da hawan jini da rashin ƙarfin namiji. Kusan jerin da ke jikin kowace kwalba ke nan. NAFDAC, da aka kafa a 1993, tana buƙatar a nemi izininta kafin a yi tallar magani, ko na gargajiya ne. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta ce a kai talla a tantance kafin a sake ta, har da ta intanet. An kuma nuna cewa idan an ga dama ana iyawa: a 2018, kwana guda bayan rahoton BBC a kan kodin da Kano ta fito a cikinsa, gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi, a Fabrairun 2024 aka rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Gari don tilasta wa 'yan kasuwa komawa sabuwar kasuwar Dangwauro. Amma a duk wannan, ana kama mai shago, ana kama mai dafa jiƙo a bayan gida, wanda ya kawo masa kasuwa da fuskarsa kuwa sai ya goge bidiyon ya ɗora wani.

Tunda daga Indiya muka koyi rawa da waƙa a fim, da mun ƙara da wannan darasin. Dokar kare masu saye ta ƙasar ta 2019 ta ba da damar cin tarar wanda ya yi tallar yaudara har rupee miliyan ɗaya, a kuma hana shi yin kowace talla tsawon shekara guda, idan ya maimaita a kai shekara uku. Mafitarsa kawai ya nuna ya bincika kafin ya buɗe baki. A 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta sa Baba Ramdev, malamin yoga da ya fi yawancin 'yan fim farin jini, da kamfaninsa na Patanjali suka nemi afuwa a jaridu saboda tallar warkar da cututtuka. Sin ta fi tsanani: tun 2015 ta hana amfani da wani sananne wajen tallar magani ko kayan ƙarin lafiya kwata-kwata. A Amurka ma, inda kuɗi ke magana, kamfanin Goop na jaruma Gwyneth Paltrow ya biya dala 145,000 a 2018 kan iƙirarin lafiya da ya kasa kawo hujjarsa. Ni tsarin Indiya ya fi kwanta mini. Ba a hana ka neman abinci ba, an dai ce ka tambaya kafin ka rantse.

Akwai masu cewa laifin na masu saye ne, jahilci ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. Amma Bakano yana da dalilin ɗari-ɗari da farar riga. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 masu sanƙarau a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka mutu, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004. Kuma da aka tashi gyara, ba da takardun bincike aka shawo kan jama'a ba, da fuskokin da suka yarda da su ne: sarakuna, malamai, da gwamnan da ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. 'Yan fim ma sun taka rawa a wayar da kai a kan rigakafi da haihuwa a asibiti. Wato amanar da jama'a ke ba sananniyar fuska ta taɓa ceton rayuka a garin nan. Ita ce yanzu ake kasawa ana sayarwa ga duk mai kuɗin talla, kuma ranar da wata annoba ta zo aka nemi wannan fuskar ta faɗi gaskiya, za a tarar an riga an kashe kaifinta a kan maganin basir.

Masu kamfanoni ma ba su fita ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Kano kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai za su iya haɗa kuɗi su ajiye ƙaramin asibiti guda a kowace unguwa, da ma'aikacin jinya da na'urar awon jini da ta suga, a buɗe lokacin da masu aikin kwana ke fita da lokacin da na rana ke tashi. Kuɗinsa bai kai na man janareto na 'yan kwanaki ba. Lebura da aka auna jininsa kyauta a bakin get, aka ce masa ga lambarka, ga abin da take nufi, ya fi wuyar yaudara. Ga kuma rumfunan masana'antu da suka mutu suna nan a rufe, jemagu na kwana a ciki. Duk mai maganin gargajiya da ya yarda da abinsa, a ba shi wuri a can, da ruwa mai tsabta da ma'auni da mai duba shi daga sashen harhaɗa magunguna na Jami'ar Bayero, ya fito da kaya masu lambar rukuni da sunan titi. Wanda ya ƙi zuwa inda za a iya samunsa ya faɗi abin da yake sayarwa.

Mataki mafi sauƙi kuwa yana hannun Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 take duba tsawon mayafi da kusancin jarumi da jaruma, da kuma ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da ke iya dakatar da ɗan wasa kan abin da ya shafi ɗa'a. Duk fim ɗin da aka kawo da tallar magani a ciki, a ce a ajiye takardar izinin talla ta NAFDAC da ta ARCON a kan tebur, a gwada abin da takardar ta yarda a faɗa da abin da jarumin ya faɗa. Idan babu takarda, a cire tallar. Idan an saki ba izini, a dakatar da wanda ya riƙe kwalbar tare da wanda ya cika ta, a kuma sa shi ya yi bidiyon janyewa a shafin da ya yi tallar, da irin muryar da ya yi ta.